Laftof tana ta mutuwa ko bayan fomat biyu: ta ina za a fara bincike?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da zane a Agege. Laftof ɗin da nake aiki da ita tokumbo ce, na saye ta a Ikeja bara, Core i5, ram gig 8, Windows 10. Wata biyu ke nan tana ba ni wahala. Wani lokaci allo ya koma shuɗi ta sake kunna kanta, wani lokaci kuma ta ɗauke ɗif kamar an zare mata wuta. An yi mata fomat sau biyu, abin bai daina ba. Yanzu mai gyara ya ce bod ne, in kawo kuɗi a canza. In yarda, ko akwai abin da zan fara dubawa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka yi saurin miƙa kuɗin bod, wato babban farantin da duk sassan na'urar ke haɗe a kansa. Mai yiwuwa shi ɗin ne, amma a layin waɗanda ake tuhuma shi ne na ƙarshe, kuma ba a yanke masa hukunci sai an wanke sauran. Fomat biyun nan ma ba asara ba ce gaba ɗaya, don ta gaya mana abu guda: idan an goge komai an sa sabuwar Windows amma cutar ta dawo yadda take, da wuya a ce bairos ne ko wani fayil da ya lalace. Abin da ya rage shi ne zafi, wuta, ram (ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke aiki a cikinta), faifan ajiya, sai kuma direba (ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da kowane sashe na na'urar) ko manhajar da ake maido wa duk lokacin da aka gama fomat.

Kafin komai, yau ɗin nan, kwashe aikin kwastomominka zuwa filas ko wani faifai na waje. Wasu gwaje-gwajen da za mu yi suna matsa wa na'ura, kuma idan faifan ajiya ne ke ciwo, matsin zai iya ƙarasa shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga nan sai ka nemi takarda da biro ka ajiye kusa da ita. Duk lokacin da ta mutu, rubuta ƙarfe nawa ne, minti nawa ta yi a kunne, me kake yi a lokacin, tana kan caja ko kan batir, wutar NEPA ce ko janareta, firinta tana aiki ko ba ta yi, sannan ka taɓa gefen da iska ke fita ka ji zafinsa. Kwana uku ko huɗu na wannan rubutun ya fi duk wata manhajar bincike amfani, saboda irin mutuwar ita ke nuna inda za a dosa. Kai ma ka ambaci iri biyu, kuma ba lallai uwarsu ɗaya ba. Shuɗin allo yana nufin Windows ta ga matsala, ta samu damar rubuta dalili, ta tsayar da kanta. Ɗaukewa ɗif kuwa yana nufin ko numfashi ba ta samu ta yi ba, an yanke mata wuta daga ƙasa, kuma wannan kusan kullum zafi ne ko wuta. Akwai iri na uku da ba ka faɗa ba, wato ta daskare, hoto yana nan amma ba abin da ke motsi sai ka danne maɓallin kashewa. Wannan ya fi karkata ga faifan ajiya, ram, ko direban hoto.

Mu fara da shuɗin allon, tunda shi yana magana. Matsalar ita ce yana wucewa kafin ka karanta. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta sysdm.cpl, shiga Advanced, ƙarƙashin Startup and Recovery danna Settings, ka cire alamar da ke kan Automatically restart. A wannan shafin ka tabbata wurin Write debugging information ba a kan none yake ba, ka zaɓi Small memory dump. Daga yanzu idan ta faɗi za ta tsaya a kan shuɗin allon har ka ɗauki hotonsa da waya. Abin da kake nema shi ne rubutun manyan haruffa da ke ƙasa bayan Stop code, da sunan fayil mai ƙarewa da .sys idan ya fito.

Ga fassarar waɗanda aka fi gani. MEMORY_MANAGEMENT da PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA sun fi nuna ram, ko da yake direba ma yana jawo su. IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL yawanci direba ne ya taɓa wurin da ba nasa ba. KERNEL_DATA_INPAGE_ERROR, UNEXPECTED_STORE_EXCEPTION da CRITICAL_PROCESS_DIED sukan fito idan Windows ta nemi karanta abu daga faifai ta kasa. VIDEO_TDR_FAILURE na ɓangaren hoto ne, kuma sunan fayil ɗin zai faɗa maka na wa: nvlddmkm.sys na Nvidia, igdkmd64.sys na Intel, atikmpag.sys na AMD. WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR shi ne wanda ba a so, don ƙarfen ne da kansa ya kai ƙara, amma ko shi zafi da ƙarancin wuta suna haifar da shi. Dokar da ta fi haddace waɗannan sunaye amfani ita ce: idan kullum lamba ɗaya ce da fayil ɗaya, nemi direba. Idan yau wannan, gobe wancan, jibi wani daban, to ƙasan ginin ne ke rawa, nemi ram ko wuta.

Faɗuwar da ta riga ta wuce ma ta bar sawu. Windows da R, rubuta perfmon /rel, za ka ga jadawalin kwanaki, kowace faɗuwa da jan tambari a ranarta, tare da abin da aka girka a ranar. Idan jajayen sun fara ne washegarin da aka sa wata manhaja, ka kama bakin zare. A cikin Event Viewer kuma, wato inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, za ka ga Kernel-Power mai lamba 41, wanda mutane da yawa ke ɗauka shi ne cutar har su je suna neman maganinsa a intanet. Ba cuta ba ce, shaida ce kawai cewa na'urar ta mutu ba da sallama ba. Amfaninsa ɗaya: buɗe Details ka duba BugcheckCode. Idan sifili ne, Windows ba ta samu rubuta komai ba, wato wuta ce ta yanke ko daskarewa ta yi. Idan akwai lamba, shuɗin allo ne. Fayilolin da ta rubuta suna cikin C:\Windows\Minidump, kuma ƙaramar manhajar BlueScreenView ko WhoCrashed tana karanta su kyauta. Sai dai ka kula, sau da yawa za su nuna maka ntoskrnl.exe. Wannan zuciyar Windows ce, an dai tsinci gawa a ƙofar gidansa ne, ba shi ya yi kisan ba.

Yanzu zafi, wanda a Legas shi nake fara zargi ga duk laftof ɗin da ke ɗaukewa ɗif. Tsarin sanyaya laftof ƙarami ne: farantin jan ƙarfe a kan furosesa, bututun jan ƙarfe da ke jan zafin zuwa wasu siraran ƙarafa kamar matsefi a bakin mafitar iska, sai fanka da ke hura su. Tsakanin furosesa da farantin akwai wani man toka-toka da ke cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Laftof tokumbo ta riga ta yi shekaru a hannun wani kafin ta sauka Ikeja, man nan ya bushe ya zama kamar alli. Ga kuma ƙura. A Arewa ƙura busasshiya ce. A Legas danshin iska yana kama ta ya cure ta, ta zama kamar ɗan bargo a tsakanin fanka da matsefin. A shago irin naka ƙara da garin takarda da na tona. Fanka tana ta kuka, kai kana jin tana aiki, amma iska ba ta ratsawa.

Gwajin ba wuya. Sauke HWiNFO ko Core Temp, buɗe, ka bar kwamfutar minti goma ba ta komai. Digiri 40 zuwa 55 daidai ne a yanayinmu. Idan tana zaune kawai ta haura 70, akwai magana. Sai ka buɗe aikin da ya saba kashe ta, ka sa ido kan lambar. 75 zuwa 85 a ƙarƙashin aiki mai nauyi ba laifi. Yawancin furosesan Intel na laftof iyakarsu wajen digiri 100 ce. Idan sun kusa nan sai su rage gudu da kansu, shi ya sa za ka ga na'ura ta yi nauyi kafin ta mutu, idan kuma ragewar ba ta isa ba sai su yanke wuta don kada su ƙone. Idan ka ga lamba ta yi tsalle daga 55 zuwa 95 cikin daƙiƙa kaɗan da buɗe aiki, man ne ya bushe ko farantin bai zauna daidai ba. Idan kuma a hankali take hawa har ta kai can cikin minti ashirin ko talatin, ƙura ce ta toshe ko fanka ta gaji. Wata alama: bayan ta mutu, idan ka kunna nan take ta sake mutuwa da wuri fiye da na farko, amma idan ta huta rabin awa ta daɗe, zafi ne ba tantama.

Gyaransa ba ya cin kuɗi sosai, amma ana ɓata shi. Hura bulowa daga waje ba ya fitar da bargon nan, ƙara cusa shi ciki yake yi. Sai an buɗe bayan, a fara cire igiyar batir daga bod, a kwance fanka, a ɗebe ƙurar da burushi mai laushi. Idan za a hura, a riƙe fukafukan fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. A goge tsohon man tas da sifirit da ƙyalle marar gashi, a ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa, a maida farantin a ɗaure kusoshin bisa lambobin da aka rubuta a jikinsa, 1, 2, 3, 4, kaɗan-kaɗan ana zagayawa, ba a ƙulle ɗaya tamau kafin a taɓa sauran ba. Man da ya yi yawa ba ya ƙara sanyi, malala yake yi gefe. Kuma ka tambayi wane man za a sa, don akwai farin nan mai arha na cikin babban gwangwani wanda wata kaɗan ya bushe. Kafin a kai ga buɗewa ma, ɗaga bayan laftof ɗin da murafun kwalba biyu ka juyo mata fankar shago. Idan mutuwar ta ragu, ka samu amsarka ba ka kashe ko kwabo ba.

Sai wuta. A nan abu uku ne: caja, batir, da abin da ke fitowa daga soket. Juya laftof ɗin ka karanta abin da aka rubuta tana buƙata, ka gwada da na jikin caja. Bolt sau amfiya shi ke ba da wat: 19.5 sau 2.31 wat 45 ke nan, 19.5 sau 3.33 ko 3.34 wat 65, 19.5 sau 4.62 wat 90. Na Lenovo yawanci bolt 20 ne. Bolt dole ya dace, wat kuwa gara ya fi da ya gaza. Tokumbo ba kasafai take zuwa da cajarta ta asali ba, wadda aka haɗa maka da ita a kasuwa mai yiwuwa jabu ce, an rubuta 65 amma ba ta iya bayarwa. Irin wannan idan aka sa mata mita za ta nuna 19.5 daidai, saboda ba a ɗora mata kaya ba. Sai furosesa ta nemi ƙarfi sannan ta durƙushe. Ana gane ta da rashin nauyi a hannu, da zafin da ya wuce misali, da ƙarar tsiii, da kuma yadda linzamin taɓawa (touchpad) ke tsalle-tsalle da zarar an jona ta. A Dell akwai siririn tsinke a tsakiyar bakin cajar wanda ke gaya wa na'ura wat nawa ce. Idan ya karye, shiga BIOS, wato shafin saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ta tashi, za ka ga ta rubuta ba ta gane cajar ba, sai ta ƙi cika batir ta kuma rage gudu.

Batir mai lafiya yana rufa wa caja asiri, don idan wuta ta yi ƙasa na ɗan lokaci shi ke tallafawa. Idan ya mutu, ko ƙiftawar ido wuta ta yi sai laftof ta ɗauke kamar kwamfutar tebur. Wannan ya shafe ka kai tsaye, domin firinta mai tona da injin fotokwafi suna zuƙar wuta mai yawa duk lokacin da suke ɗumama abin gasa takarda. Idan suna kan layi ɗaya da laftof, kuma ƙaramin janareta ne ke ɗauke da shagon, kana tura aiki firinta ta ja, wuta ta faɗi, laftof ta bi. Duba takardarka, in mutuwar tana yawan dacewa da lokacin bugawa ko lokacin da aka juya daga NEPA zuwa janareta, ka raba musu soket ka ga bambanci. Cajar kirki an yi ta ne ta karɓi daga bolt 100 har 240, don haka ƙarancin wuta mai ɗorewa bai cika damun ta ba. Faɗuwar bazata da dukan da wuta ke yi idan an dawo da ita su ne matsala.

Don sanin lafiyar batir, buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai ajiye maka rahoto ya faɗi inda yake. Gwada Design Capacity da Full Charge Capacity. Idan na biyun bai kai rabin na farko ba, batir ya tsufa. Wanda ke nuna kashi 40 cikin ɗari sannan ya ɗauke ɗif, ɗaya daga cikin ƙwayoyinsa ne ya mutu. Idan kuma ka ga linzamin taɓawa ya ɗago ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ya kumbura, a cire shi yau, kada a matsa shi kada a huda shi, wuta yake kamawa. Gwajin da ke raba gardama shi ne ka yi aiki da ita yini guda kan batir kaɗai gwargwadon yadda zai kai, wani yinin kan caja kaɗai an cire igiyar batir, sannan ka ari caja ta asali a wurin wani ka maimaita. Inda ta daina mutuwa, abin da ka cire shi ne mai laifi.

Ram ita nake zargi da shuɗin allonka, musamman idan lambobin suna sauyawa. A kasuwa ana yawan ƙara wa laftof ram kafin a sayar, a haɗa gig 4 na wannan kamfani da gig 4 na wancan, gudunsu ba ɗaya ba. Sau da yawa suna zaman lafiya, wani lokaci ba sa yi. A tsofaffin na'urori kuma akwai kuskuren sa DDR3 mai bolt 1.5 a inda ake son DDR3L mai 1.35. Ga kuma danshi, wanda ke sa haƙoran zinaren nan su yi dushi-dushi. Windows tana da nata gwajin, rubuta mdsched.exe ta sake kunnawa ta duba, amma yana barin kura-kurai su wuce. MemTest86 ya fi shi nesa ba kusa ba. Ana sa shi a filas, a tada kwamfutar daga filas ɗin, a bar shi ya yi zagaye huɗu, abin da zai ɗauki awanni, don haka ka sa shi da dare idan kana da tabbacin wuta. Kuskure ko guda ɗaya ya fito, faɗuwa ce, babu "ɗan kaɗan ne". Amma kada ka je sayen sabuwa tukuna. Kashe, cire batir, zare ram ɗin, goge haƙoran da kilinan fensir a hankali, share garin, mayar har ka ji ƙas. Idan guda biyu ne, gwada kowace ita kaɗai, sannan ka sauya mata rami. Idan kuskuren yana bin ram ɗin duk inda ta je, ita ce. Idan yana zaune a rami ɗaya ko wace aka sa, ramin ne, kuma kana iya ci gaba da aiki da ɗaya ramin ka sa masa babba guda. Wasu siraran laftof an manne ram ɗinsu a jikin bod, waɗannan sai mai gyaran bod.

Gwajin faifan ajiya ba ya ɗaukar lokaci. Sauke CrystalDiskInfo. Shuɗi da Good lafiya, rawaya da Caution ya fara tafiya, ja da Bad ya tafi. A faifai mai juyawa duba layi uku, 05, C5 da C6, waɗanda ke ƙirga wuraren da suka lalace. Idan lambar tana ƙaruwa daga mako zuwa mako, ko kana jin ƙas-ƙas daga ciki, canza shi. SSD, wato faifan da ba ya juyawa, ba ta yin ƙara, kuma masu arhar nan marasa suna suna iya nuna Good alhali suna ɓacewa na daƙiƙa kaɗan su dawo, Windows ta faɗi. A Event Viewer za ka ga sawunsu da lamba 7, 129 ko 153. Idan bayan faɗuwa ta taɓa ce maka ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba, sai da ka kashe ka kunna, wannan kusan hannunka mai sanda ne. Wani lokaci ma kusar da ke riƙe SSD ɗin ce babu, tana lilo a raminta. Kada ka yi chkdsk mai zurfi, wato binciken faifai na Windows, a kan faifai mai ciwo kafin ka kwashe kayanka.

Direba kuwa, ga yadda yake tsallake fomat. Mai gyara ya gama sa Windows, sai ya ɗauko filas ɗinsa mai tarin direbobi ya saki a kai, ya zuba maka manhajojin zane waɗanda aka fasa makullinsu, ya ƙara da antibairos kyauta. Duk fomat haka zai yi, don haka an kashe maciji ba a sare kansa ba. Kada ka raina abin da direba guda zai iya. Ranar 19 ga Yuli, 2024, sabuntawa ɗaya marar kyau daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta jefa kwamfutoci kusan miliyan 8.5 cikin shuɗin allo a faɗin duniya, bisa ƙiyasin Microsoft, har jirage suka kasa tashi, kuma babu ƙarfe ko ɗaya da ya lalace. Don gwadawa, riƙe Shift ka danna Restart, bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, danna 4. Wannan Safe Mode ne, inda Windows ke tashi da direbobinta na dole kawai. Idan a nan ba ta faɗuwa, cire duk antibairos ka bar na Windows, zare firinta da modem da duk abin da ke jone, ka riƙa maido su ɗaya-ɗaya, kowanne a ba shi yini. Direbobi kuma ka ɗauko su daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, da lambar da ke manne a ƙasanta. Windows ɗin kanta a sa ta asali daga shafin Microsoft, ba wadda aka yi wa aski don ta yi sauri ba. Af, tun 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 yadda ta saba. Wannan ba ya sa faɗuwa, amma idan na'urarka ta Intel ƙarni na takwas ce ko sama, tana ɗaukar Windows 11, gara a sa ta idan za a sake fomat.

Akwai gwaji guda da ke raba ƙarfe da manhaja a yini ɗaya. Sauke Ubuntu, wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ba Windows ba, sa shi a filas mai gig 8 da manhajar Rufus, tada kwamfutar daga nan ka zaɓi Try Ubuntu, ba Install ba. Ba zai taɓa kayanka ba. Kunna bidiyo ka bar shi awanni. Idan ta mutu a nan ma, Windows ta fita daga zargi. Idan ta zauna daram, ya rage Windows da direbobinta ko faifan ajiya, tunda shi ma ba a amfani da shi a wannan gwajin. Kamfanoni ma sun sa nasu gwajin a ciki: a Dell danna F12 tana tashi ka zaɓi Diagnostics, a HP danna Esc sannan F2, a yawancin ThinkPad F10. Lambar da suka bayar ka ɗauki hotonta.

Abin da ke ɓata wa mutane bincike shi ne canza abu uku a rana ɗaya. An goge fanka, an sauya ram, an yi fomat, ta yi kwana biyu lafiya ta dawo, ba wanda ya san me ya taimaka me bai taimaka ba. Abu ɗaya a lokaci ɗaya, a ba shi lokacin da ya ninka wanda ta saba ɗauka kafin ta mutu. A naka, ga jerin da zan bi: auna zafi da raba soket yau, rahoton batir da cajar aro gobe, MemTest86 da dare, CrystalDiskInfo kowane lokaci tunda minti biyu ne, Ubuntu a ƙarshen mako.

Yaushe za a ce bod ne da gaske? Idan zafi bai wuce ƙima ba, caja ta asali ce, an gwada ram da aka san lafiyarta, an cire faifan ajiya gaba ɗaya, amma ka shiga BIOS ka bar ta zaune ta mutu. Ko kuma tana mutuwa idan ka ɗaga ta ta kusurwa ɗaya ko ka danna gefen kibod, alamar wata dalma ta tsage a ƙasa. Ko an buɗe an ga kore-kore da fari-fari a jikin ƙananan kayan, wanda ruwan da ya taɓa zuba ko danshin shagon da ke ɗiga da damina ke haifarwa, wani lokaci ma kyankyasai ne suka yi gida a ciki. Ko a nan ba lallai a canza bod duka ba. Sau da yawa ƙaramin abu ne a layin wuta ya ƙone, kuma a Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, akwai masu gyaran bod na ainihi, masu aiki da madubin ƙara girma da zanen da'irar na'urar, waɗanda za su auna su nuna maka wurin. Wanda ya ce zai gasa ƙwaƙwalwar hoto da iska mai zafi, ka sani makonni ko 'yan watanni zai saya maka, ba warkewa ba ce.

Idan ka koma wurin mai gyaranka, tafi da takardarka da hotunan allon, ka tambaye shi cikin mutunci: "Oga, me ka auna ka ga bod ne?" Wanda ya san aikinsa zai ce layi kaza ba ya ba da bolt kaza, ko ya nuna maka tsatsar da idonka. Kafin ka bar masa ita, ɗauki hoton ram da SSD da batir yadda lambobinsu za su fito, ka cire faifan ajiyar ka tafi da shi gida idan gyaran bai shafe shi ba. Idan BitLocker, wato tsarin Windows na kulle faifai, yana kunne, rubuta makullinsa mai lamba 48 a takarda tun yanzu, don sabon bod zai nema, in babu shi kayanka sun kulle. Ku yi magana a kan kwana nawa ne garanti a rubuta a rasit, a kuma dawo maka da tsohon bod ɗin. Idan kuɗin da ya faɗa ya haura rabin kuɗin irin laftof ɗin a kasuwa yanzu, kada ka gyara: zare ram da SSD ɗinka idan sun ci gwaji, ka sayar da gangar jikin ga masu kayan gyara, ka cika ka sayi wata, ita ma ka buɗe mata Core Temp da CrystalDiskInfo a gaban mai shagon kafin ka biya.